Coreboot

Coreboot, wadda a da ake kira LinuxBIOS, wata buɗaɗɗiyar manhaja ce da ake sakawa a kwamfuta a madadin BIOS ko UEFI ɗin da kamfanin ƙera ta ya saka mata. Tana cikin rukunin manhajojin da ake kira firmware da Turanci, wato manhajar tushe: manhajar da ke zaune a cikin wani ɗan ƙaramin cif da aka manna a jikin bod ɗin kwamfuta, wadda ita ce ke fara aiki da zarar an danna makunni, tun kafin Windows ko Linux su san halin da ake ciki. Mafi yawan coreboot an rubuta ta ne da harshen C, kuma ana rarraba ta a ƙarƙashin lasisin GPL na biyu, wanda ya ba kowa damar karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu.

Coreboot ba ta tayar da babbar manhajar kwamfuta da kanta. Aikinta shi ne ta farkar da sassan na'ura, sannan ta miƙa ragama ga wata manhaja ta biyu da ake kira payload. Asalin ma'anar kalmar ita ce kayan da aka ɗora wa mota ko jirgi, abin da direbobi ke kira lodi, kuma da wannan sunan za a riƙa kiran ta a nan. Zaɓen lodin da ya dace, da kuma bayanan da coreboot ke barin wa babbar manhaja, su ne ke sa kwamfuta ta tashi har ta kai ga allon aiki, ko kuma ta tsaya da baƙin allo.

Abin da ke faruwa idan an kunna kwamfuta

A kwamfutocin da ke amfani da furosesa samfurin x86, wato na Intel da AMD, furosesa na fara karanta umarni daga wani adireshi guda da ba ya canzawa, 0xFFFFFFF0, wanda ke nuni zuwa cif ɗin manhajar tushe. A wannan lokaci ma'adanar RAM ba ta fara aiki ba, allo bai kunnu ba, babu wanda ya san ko akwai faifan ajiya a jikin na'urar. Duk waɗannan sai manhajar tushe ta tayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar BIOS ta fara fitowa ne a 1975 a cikin babbar manhajar CP/M ta Gary Kildall, sannan kamfanin IBM ya yi amfani da ita a kwamfutarsa ta 1981. Tsarin BIOS mai sauƙi ne: ya karanto bayit 512 na farkon faifai, ya duba ko sun ƙare da alamar 0x55AA, ya zuba su a adireshin 0x7C00, sannan ya ce wa furosesa ta ci gaba daga nan. Bayan haka BIOS ba ya tafiya; yana nan a gefe yana amsa kira. Manhajar da ke son rubutu a allo sai ta yi kiran INT 10h, wadda ke son karatu daga faifai ta yi kiran INT 13h. DOS da tsoffin Windows a kan waɗannan kiraye-kiraye aka gina tashinsu.

UEFI ya samo asali daga aikin da Intel ya fara a ƙarshen shekarun 1990 domin furosesarsa ta Itanium, kuma a 2005 aka kafa ƙungiyar kamfanoni da ke kula da ƙa'idojinsa. Shi UEFI ya san tsarin fayil na FAT, saboda haka yana shiga wani ɓangare na musamman a faifai ya ɗauko fayil ɗin da zai tayar da babbar manhaja.

Tarihi

An fara aikin LinuxBIOS a 1999 a Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Los Alamos, a jihar New Mexico ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Ron Minnich. Matsalar da ta haifar da shi ba ta masu kwamfutar gida ba ce. Cibiyar na haɗa kwamfutoci masu yawa su yi aikin lissafi tare, kuma BIOS ɗin kamfani na ɓata lokaci wajen tashi, wani lokaci ma ya tsaya yana jiran a danna wani maɓalli a na'urar da ba ta da madannai ko allo. Dabarar da suka fito da ita ita ce a saka Linux kansa a cikin cif, a bar masa aikin gano sassan na'ura tun da ya fi BIOS iya wannan.

Cif ɗin wancan zamani ƙanana ne, sau da yawa Linux ba ya shiga ciki, don haka aka fara amfani da wasu ƙananan lodi kamar Etherboot da FILO. Da tafiya ta yi nisa sunan ya daina dacewa da aikin, domin Linux ya zama ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da za a iya ɗorawa. A 2008 aka sauya sunan zuwa coreboot.

Babban abin da ya fitar da manhajar daga hannun ƙwararru zuwa hannun jama'a shi ne shawarar kamfanin Google ta amfani da ita a kwamfutocin Chromebook tun daga 2012. Mafi yawan mutanen da ke amfani da coreboot a yau ba su ma san sunanta ba. Wasu ƙananan kamfanoni, irin su System76 da Purism a Amurka da Star Labs a Ingila, suna sayar da kwamfutoci da ita a ciki, kuma a 2022 kamfanin 3mdeb na Poland ya fitar da nau'insa mai suna Dasharo domin bod ɗin kwamfutar tebur na MSI PRO Z690-A.

Yadda take aiki

Coreboot na tashi ne mataki-mataki. Matakin farko, bootblock, ƙarami ne ƙwarai. Tun da babu RAM a lokacin, sai a ari ƴar ƙaramar ma'adanar da ke cikin furosesa a yi aiki da ita na ɗan lokaci. Mataki na biyu, romstage, shi ne ke tayar da RAM, kuma shi ne mafi wuya a duk aikin: sai an karanta bayanan da ke rubuce a jikin kowane sandan RAM, sannan a yi ta gwaji ana daidaita lokacin aika saƙo da karɓarsa har a samu saitin da bayanai ba sa gurɓata. Mataki na uku, ramstage, yana zagaya sauran sassan na'ura, ya ba kowanne adireshinsa, ya kunna sauran ƙwayoyin furosesa, ya rubuta jadawalolin da babbar manhaja za ta karanta. Daga nan sai lodi.

Tayar da babbar manhaja

A nan ne aikin ya fi ba masu shi wahala tsawon shekaru. Linux ba shi da yawan buƙata: idan aka ba shi taswirar ma'adana aka nuna masa inda zai fara, zai iya gano mafi yawan sauran abubuwa da kansa. Shi ya sa ake iya saka GRUB, ko ma Linux kansa, a matsayin lodi kai tsaye. Windows ba haka yake ba. An gina shi ne da zaton akwai BIOS ko UEFI a ƙarƙashinsa, kuma coreboot ita kaɗai ba ta amsa ko ɗaya daga cikin kiraye-kirayen da yake yi.

Yunƙurin farko na cike wannan giɓi shi ne ADLO, wanda masu bincike a Jami'ar Maryland suka yi a farkon shekarun 2000. Sun ɗauko BIOS ɗin manhajar kwaikwayon kwamfuta mai suna Bochs suka ɗora shi a kan LinuxBIOS, da haka aka samu Windows 2000 ya tashi. Mafita mai ɗorewa ta zo a 2008 lokacin da Kevin O'Connor ya fara SeaBIOS, shi ma daga BIOS ɗin Bochs, amma an sake rubuta shi yadda za a iya haɗa shi da kayan aikin zamani. SeaBIOS na amsa kiraye-kirayen BIOS na gargajiya, saboda haka yana tayar da DOS da Windows XP da Windows 7 da Linux da dangin BSD. Shi ne kuma BIOS ɗin da manhajar QEMU ke amfani da shi, abin da ya sa ana gwada shi kullum a wurare da yawa. Iyakarsa ita ce iyakar tsohon tsari: faifan da aka tsara da MBR ba ya wuce terabayit 2 a yawancin na'urori.

Domin sababbin manyan manhajoji ana amfani da edk2, buɗaɗɗen rubutun UEFI na aikin TianoCore wanda Intel ya fara saki a 2004. Buƙatarsa ta ƙaru bayan Intel ya sanar a 2017 cewa zai daina tallafa wa tsarin BIOS na gargajiya zuwa 2020, sannan Windows 11 ya fito a 2021 da sharaɗin UEFI da Secure Boot da cif ɗin tsaro na TPM 2.0. UEFI na buƙatar wurin da zai ajiye saiti, misali jerin abin da za a fara tayarwa. A coreboot wani sashe mai suna SMMSTORE ke ware wuri a cikin cif domin haka. Idan ba a kunna shi ba, kwamfuta na iya karɓar Linux lafiya lau, amma da an kashe an kunna sai ta manta inda ta ajiye shi, sai fa idan akwai fayil ɗin ko-ta-kwana mai suna BOOTX64.EFI a mazauninsa.

Samun lodin da ya dace rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne jadawalolin ACPI, ƙa'idar da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A cikinsu ne manhajar tushe ke bayyana wa babbar manhaja yadda aka ƙera na'urar: wace hanya kowane sashe ke bi ya kira furosesa, yadda ake karanta cajin batir, yadda ake sa kwamfuta barci a tashe ta, abin da zai faru idan an rufe murfin laftof. Wasu daga cikin jadawalolin ƙananan shirye-shirye ne da babbar manhaja ke gudanarwa da kanta. Linux na da haƙuri da kurakuran ACPI. Yakan rubuta gargaɗi ya wuce. Windows kuwa yakan tsaya cak da shuɗin allo mai lambar 0xA5, wato ACPI_BIOS_ERROR. Saboda haka bod ɗin da aka ce coreboot na aiki a kansa, sau da yawa abin nufi shi ne an gwada shi da Linux. Tashin Windows magana ce ta daban da sai an tabbatar. A cikin irin waɗannan jadawaloli ne kuma, a wanda ake kira MSDM, kamfanoni ke ajiye lambar lasisin Windows tun daga Windows 8, don haka wanda ya goge manhajar kamfani ba tare da ya kwafi lambar ba ya goge ta tare da ita.

Sai maganar hoto. Kafin babbar manhaja ta ɗora direban allo, dole wani ya kunna allon domin a ga abin da ake yi. A al'ada wata rufaffiyar manhaja ta kamfanin da ya ƙera sashen hoto ke wannan aiki. Coreboot na da nata mai suna libgfxinit, da aka rubuta da harshen SPARK, wani reshe na Ada, domin sassan hoto na Intel. Tana kunna allo, amma ba ta amsa kiran INT 10h da kanta, kuma Windows 7 na buƙatar wannan kira ko da an tayar da shi ta hanyar UEFI. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa mutum ya ji fanka na juyawa, faifai na aiki, amma allo baƙi ƙirin. Masu aikin kan gano inda tashin ya tsaya ta hanyar karanta rahoton da coreboot ke fitarwa ta tsohuwar kafar siriyal, ko kuma da manhajar cbmem idan na'urar ta samu ta tashi.

Kwamfutar XO a Najeriya

Najeriya na cikin ƙasashen farko da yara ƴan firamare suka riƙe kwamfuta mai buɗaɗɗiyar manhajar tushe. A 2007 shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya assasa a 2005, ya yi gwajin kwamfutarsa ta XO-1 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Kwamfutar na da furosesa samfurin Geode ta AMD, kuma samfuran gwaji na farko da LinuxBIOS suka tashi. Daga baya shirin ya koma ga Open Firmware, wata manhajar tushe da Mitch Bradley ya ƙirƙira a kamfanin Sun da harshen Forth, wadda ta zama ƙa'idar IEEE 1275 a 1994, kuma kwamfutocin Apple masu furosesar PowerPC suka daɗe suna amfani da ita.

XO ta zo da Linux da wata fuskar aiki ta yara mai suna Sugar. Amma wasu gwamnatocin da ake son su saya sun fi son Windows, kuma a watan Mayun 2008 aka sanar da yarjejeniya da Microsoft ta ɗora Windows XP a kan na'urar. Sai ga matsalar nan ta sake tasowa: Open Firmware ba BIOS ba ce, kuma XP ba ya tashi sai da BIOS. Dole Bradley ya ƙara mata wani sashe da ke kwaikwayon kiraye-kirayen BIOS da jadawalolin ACPI gwargwadon abin da XP ke nema. Yarjejeniyar ta jawo rigima a cikin shirin, kuma a wannan shekara Walter Bender, wanda ke jagorantar ɓangaren manhaja, ya bar shi ya kafa Sugar Labs. A ƙarshe kusan duk kwamfutocin XO da aka raba a duniya, waɗanda mafi yawansu suka je Uruguay da Peru, da Linux suka yi aiki.

Abubuwan da suka rage a rufe

Kiran coreboot buɗaɗɗiyar manhaja gaskiya ne, amma ba ya nufin duk abin da ke cikin cif a buɗe yake. A sababbin furosesoshin Intel, aikin tayar da RAM na hannun wani rufaffen ƙunshi ne mai suna FSP da kamfanin ke bayarwa, coreboot kira kawai take yi masa. Akwai kuma Intel Management Engine, wata ƙaramar kwamfuta a cikin kwamfuta da ke gudanar da manhajarta daban. A tsoffin na'urori irin ThinkPad X200 da T400 ana iya goge ta gaba ɗaya. A waɗanda suka biyo baya, idan aka goge ta kwamfuta kan kashe kanta bayan minti 30. Manhajar me_cleaner da Nicola Corna ya fitar a 2016 na cire mafi yawan sassanta ta bar abin da ake buƙata kawai domin tashi. AMD ma na da makamancin wannan, mai suna PSP.

Shinge mafi tsauri shi ne Boot Guard, wanda Intel ya kawo a 2013. Kamfanin ƙera kwamfuta na ƙona tambarin mabuɗinsa a cikin cif ta yadda ba ya goguwa, kuma na'urar ba ta tashi da duk wata manhajar tushe da ba ta ɗauke da sa hannunsa. Hujjar ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce, domin a 2018 kamfanin ESET ya gano ƙwayar cutar LoJax da ke ɓuya a cikin UEFI, wadda ko an sauya faifai tana nan. Sai dai ƙofar da ta hana ɓarawo shiga ta hana mai gida ma sauya makulli.

A kan wannan batu masu aikin sun rabu. Libreboot, wanda Leah Rowe ta fara a 2013, ya daɗe yana ƙin duk wani rufaffen ƙunshi, abin da ya taƙaita shi ga tsoffin na'urori. A ƙarshen 2022 ya sassauta zuwa manufar rage su gwargwadon iko, yayin da GNU Boot da Canoeboot suka tsaya a kan tsohuwar ƙa'ida.

Saka ta a tsohuwar kwamfuta

Yawancin laftof da ɗalibai ke saya a Kano, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, tokumbo ne da suka gama wa'adinsu a ofisoshi da makarantun Turai da Amurka. Kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da daina fitar musu da gyaran manhajar tushe, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Coreboot ba ta mayar da tsohuwar furosesa sabuwa: ThinkPad X230, misali, furosesarsa ta zubi na 3 ce, alhali Windows 11 na neman zubi na 8 zuwa sama. Abin da take yi shi ne ta ba na'urar manhajar tushe da har yanzu ake kula da ita, ta kuma cire wasu takunkuman kamfani, kamar jerin katunan Wi-Fi da BIOS ɗin Lenovo ke ƙin tashi idan an saka wanda ba ya ciki.

Inda amfanin ya fi fitowa fili shi ne Chromebook. Lodin da Google ke sakawa, Depthcharge, an yi shi ne domin ChromeOS, kuma kowace na'ura na da ranar da ake daina aika mata sabuntawa, duk da cewa a 2023 Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 ga samfura da dama. Wani mai aikin sa kai da aka sani da MrChromebox na rarraba coreboot haɗe da edk2 domin samfura masu yawa, wanda ke mayar da Chromebook kwamfuta ta yau da kullum mai karɓar Linux ko Windows. Kafin a rubuta shi sai an cire kariyar cif, a tsoffin samfura ta hanyar kwance wani sukurun a jikin bod, a wasu sababbi ta hanyar cire igiyar batir na ɗan lokaci. Bayan an yi, ChromeOS ba ya sake tashi sai an mayar da manhajar asali, kuma sauti na yawan ba da matsala a Windows saboda rashin direba.

A sauran kwamfutoci aikin ya yi kama da filashin ɗin da masu gyaran waya suka saba yi. Ana buɗe na'urar, a cire batir da caja, a kama cif ɗin mai ƙafa 8 da wani ɗan matsi, a haɗa shi da na'urar rubutu irin CH341A ko Raspberry Pi, sannan a yi amfani da manhajar flashrom. Wasu nau'o'in CH341A masu arha na tura wutar volt 5 zuwa cif ɗin da aka yi domin volt 3.3, abin da kan iya lalata shi. X230 cif biyu gare shi, ɗaya mai megabayit 8 ɗaya mai 4, kuma dole a san abin da ke cikin kowanne. Ƙa'idar da masu aikin suka fi nanatawa ita ce a karanto abin da ke cikin cif sau biyu ko uku kafin a rubuta komai, a gwada kwafin a ga sun zo iri ɗaya, sannan a ajiye ɗaya a wata na'ura. A cikin wannan kwafi akwai bayanan da suka keɓanta ga kwamfutar ita kaɗai, kamar lambar MAC ta katin sadarwa, kuma shi ne ake mayarwa da wannan matsin idan sabuwar manhaja ta ƙi tashi. Wanda ke son koyon aikin ba tare da ya saka kwamfutarsa a haɗari ba na iya haɗa coreboot domin QEMU, ya gwada SeaBIOS da edk2 da GRUB ɗaya bayan ɗaya a cikin tagar allo.